Kwalbar Fogo a Teburin Porto

Ƙanina Amâncio,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ciwon ƙafarta? Ya gonar inabinmu? Ni lafiya lau nake a birnin Porto. Hannuwana dai sun tsattsage da wankin kofuna, amma ba abin damuwa ba ne.

Jiya maigidana na wurin aiki, Senhor Baltazar, ya jera wa baƙi giyar inabi ta yankin Douro da ta yankin Alentejo, har da wata kwalba daga tsibirinmu mai dutsen aman wuta, Fogo. Sunanka na gani a jikinta. Ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce, "Celestina, zo ki ɗanɗana! Ƙamshin toka da baƙar ƙasa. Mai wannan gwani ne."

Na ce, "Ƙanina ne."

Ya yi dariya, "To ke me ya zaunar da ke nan?"

Ni fa na koya maka saran reshen inabi, kana tsoron wuƙa. Na kurɓa ina neman aibi, ban samu ba, raina ya ƙara ɓaci.

Allah ya ƙara albarka, da gaske nake. Amma layin inabin nan na bayan tankin ruwa nawa ne, kar ka taɓa. Zan zo in matse inabinsa da kaina, mu gani.

Yayarka,
Celestina