Shayin da Ba Sukari

Baban Safiya,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Na fita takaba. Har yanzu muna gidanmu na unguwar Al-Shifa, na kuma koma aikin jinya a asibiti. Safiya ta zo ta ɗaya a ajinsu. Abba kuwa Larabci ya cinye masa Hausa, in na yi masa faɗa da Larabci yake ba ni haƙuri.

Yayanka Lawal ya iso daga Kano. Wai ya zo tafiya da yara ne, tunda iƙamarmu, takardar izinin zamanmu a ƙasar nan, a ƙarƙashin sunanka take kuma ta kusa ƙarewa. Ya ce mace ba ta riƙon yara ita kaɗai a ƙasar mutane, kuma mahaifiyarku Hajiya ce ta aiko shi da wannan umarni. Ni in na ga dama in bi su, in na ga dama in zauna da allurata.

Ka tuna kartar nan ta foka da ka koyo wurin injiniyoyin kamfaninku? Duk Juma'a bayan la'asar mu baje a darduma, ƙwallayen dabino ne zubinmu. Kai ka koya mini cewa ba kati ake kallo ba, mutum ake kallo. Ka ce in na samu hannu mai ƙarfi kada in yi rawar jiki, in bar abokin wasa ya zuba duk abin da yake da shi tukuna. Kana ta cika baki kai gwani ne, alhali kullum ni ke kwashe ƙwallayen. Ka taɓa tambayar kanka dalili?

To yau zan gaya maka. Duk lokacin da hannunka ba komai, sai ka fara yabon shayina. In kana da sarakuna uku shiru kake yi, ka sha abinka. Ban taɓa faɗa maka ba, don ina son cin ka, kuma ina son yabon.

Da ciwon ya kwantar da kai, ka ce mini likita ya ce da sauƙi. Ranar hankalina ba ya jikina, na manta ban sa sukari a shayinka ba. Ka kurɓa, ka ce ban taɓa dafa mai daɗin wannan ba. A nan na gane. Na shiga kicin na yi kukana, na wanke fuska na dawo na zauna kamar na yarda. Ka ɗauka ka rufe ni? Bari na yi ka ci wannan wasan guda ɗaya.

Shekaranjiya da Yaya Lawal ya zo da maganar Hajiya, da gangan na hana shayinsa sukari. Yana faɗin umarnin yana kurɓa, har sau biyu yana sa wa hannuna albarka. Ashe abin na gida ne! Washegari na je gidan waya na kira gidan maƙwabtan Hajiya, aka kirawo ta. Ta ce ta'aziyya kaɗai ta aiko shi, kuma wanda ya raba marayu da uwarsu ba da yawunta ba. Asibiti ma sun amince su zama kafilina, su tsaya mini kan iƙama, yara su dawo ƙarƙashina.

Ban gaya masa ko ɗaya ba. Jiya ya ɗaga murya har Safiya ta ɓuya a bayana. Maganar ta zo mini har baki, na haɗiye. Na sunkuyar da kai ina to Yaya, to Yaya. Da na yi magana jiya, da ya canza salo ya ce ban fahimce shi ba. Shi da kansa yanzu ya kira taron dattawan 'yan ƙasarmu mazauna nan gobe bayan sallar Juma'a, don ya maimaita a gabansu cewa Hajiya ce ta aiko shi. Sai ya gama tas zan roƙi a kira ta a waya.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ina kuma jin haushinka da ka tafi ka bar ni da wannan. Amma yaran nan ba inda za su je. Ɗan'uwanka ne, ba zan zage shi ba, zan ma dafa masa shayi. Wannan karon da sukari, don ya samu abin da zai haɗiye maganar da shi.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu.

Taka da ta gane ka tun farko,
Maman Safiya