Hoton Baba a Bakin Tagar Coci

Al-Suwaidi, Riyad. Laraba, ƙarfe huɗu da kwata na yamma. Ina ɗakin da kafil ɗina, ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar nan, ya ba mu, kaset ɗin Inna yana cikin rediyo, na saurare shi sau uku.

Baba, assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, wata goma sha ɗaya ke nan da binne ka. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Na gama jami'a. Na sami aikin akawu a wani shagon yadi a Dira, an sabunta mini iƙama, takardar izinin zama. Inna lafiya lau, sai ciwon gwiwa.

Kwamitin Gidan Fasaha na garinmu zai buga tarihin gidan. Yaya Hadiza ta aiko mini da kwafin rubutun. Shafi tara ne, na bi shi layi-layi. An rubuta cewa 'yan mishan sun gina gidan a matsayin coci kusa da asibitin kutare, wannan gaskiya ne. An rubuta cewa da suka tashi, awaki suka mayar da shi makwanci, shi ma gaskiya ne. Daga nan sai aka ce jama'ar gari ne suka gyara shi bisa jagorancin Alhaji Ɗanladi. Sunanka bai fito ko sau ɗaya ba.

Alhaji Ɗanladi fa, Baba. Wanda in ka wuce da zartonka yake tambayar ka ko Limamin Coci ya idar da salla. Wace jama'a? Kai ka nemo izinin hakimi. Kai da Malam Bitrus magini kuka ɗora kwanon, damina biyu kuna yi. Kai ka mayar da bencinan wurin zaman masu kallon wasan kwaikwayo, ka kafa wa masaƙa masaƙarsu, ka ware wa mata masu zanen ƙwarya kusurwa. Musulmi suka ce ka shiga coci, Kirista suka ce ka kai ganga ɗakin ibada. Aka matsa maka ka toshe tagar nan mai siffar gicciye, ka ce masaƙa da haskenta suke ganin zare.

Malam Bitrus ya rasu kafin kai. Kwamiti sun ce wa Inna ba sa aiki da maganar baka, ta kawo shaida. Shi ne ta ce a kaset in aiko da hoton da ka ba ni ranar da zan taso, wai shi zai rufe musu baki. Shi kaɗai ne hotonka a bakin aiki: kana kan tsani, kana sa wa tagar gilashi.

Baba, na yanke hoton.

A Kano, kafin mu hau jirgi, wani ɗalibi ya ce mini in masu bincike a Riyad suka ga gicciye a kayana, za su iya mayar da ni gida. Ban tambayi kowa ba. Na ari almakashi na cire tagar. Kanka da kafaɗunka suna jikinta, suka tafi tare. Na jefa guntun a kwandon shara. Da muka sauka, ko buɗe ambulan ɗin da hoton yake ciki ba a yi ba.

Abin da ya rage: tsani, wandonka, ƙafafunka biyu cikin takalmin roba. A nan kuma duk wanda ya tambaye ni sana'arka, kafinta nake cewa in yi shiru. Ina tsine wa Alhaji Ɗanladi tun shekaranjiya, to da me na fi shi? Shi ai bai ci tuwonka ba.

Wani direba ɗan garinmu zai tafi gida ranar Asabar. Zan ba shi hoton yadda yake, da takarda ga Inna mai bayanin wanda ya yanke shi.

Ga abin da ban sani ba. Ban sani ba ko wanda ya ɗauki hoton yana raye, ko ya ajiye fim ɗin. Ban sani ba ko a cikin masaƙan akwai mai tashi gaban kwamiti ya faɗi abin da ya gani. Ban sani ba ko da gaske za a mayar da ni ɗin. Ban san wanda zai karanta wa Inna takardar ba, da kuma ko za ta sake yi mini kaset.

Allah ya haskaka kabarinka.

Ɗanka,
Sa'idu