Ƙwarya Ɗaya, Suna Biyu

Ramlat, don Allah ajiye abin da ke hannunki ki saurari wannan yanzu, kar ki ce sai an jima.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ke da maigidanki da yara, da fatan Rijiyar Zaki lafiya. Ni ce Inna. Maijidda ta maƙwabta ce ke rubutawa. Mun kira wayarki ta ƙi shiga, shi ya sa zan ba direban Kunci takarda.

Abba ya rasu. Abba ɗan ɗan'uwanki Basiru, maigidana ƙarami. Jiya bayan azahar, an kai shi kafin magariba. Ban yi kuka ba. Na zauna na ƙarasa tsince waken da na fara, ban san me ya sa ba.

Zazzaɓi ne kawai da ƙurji a ƙafa. Uwarsa Asiya tana gona, ni na goya shi zuwa ƙaramin asibitinmu. Kin san akwai allurar da jikinsa ba ya ɗauka, wadda ta kumbura shi yana jinjiri. Ni ban san sunanta ba. Na dai ce wa malamar asibiti ta duba a na'ura, ai an sa. Ta duba, na'ura ta ce babu abin da ya ƙi shi. Ta yi masa. Kafin in gyara goyo leɓensa ya tashi, numfashi ya ƙi fita.

To ki ji inda maganar take. Kin tuna da ɗanki Kamaruddeen ya zo hutu, ya yi wa asibitocin nan aikin kwamfuta, na makarantarsa? Ya tattara katuna, ya zuba a abin da yake kira fayil, kowane layi suna, a gefensa maganin da mai sunan ba ya ɗauka. Na ce ya fahimtar da ni, ya yi ta min dariya, wai tsohuwa za ta shiga jami'a. Sai ya jera ƙoraina a tsakar gida. Ya ce na'urar da kanta, duk sunan da ta karanta, sai ta sassaƙa masa ƙwarya, ta zuba abin da ke gefensa a ciki. Na ce to madalla, ta fi ubanka kishin aiki.

Yau da safe malamar ta zo, idonta jawur. Ta buɗe fayil ɗin ta ga sunan sau biyu. Maijidda, rubuta, ni bakina ba ya faɗa: Abdulmumini Basiru. Na sama na yaron ne, da allurarsa a gefe. Na ƙasa na Malam ne, babanku, da ba abin da ya ƙi shi. Ai sunansa aka sa wa yaron, Basiru kuma sunan mahaifin Malam ya ci. Ta ce in na'urar ta sake cin karo da suna, ba ta yin sabuwar ƙwarya, sai ta zubar da na farko ta zuba na biyu.

Wa zai lura? A gidan nan ba mai kiran sunan nan. Wancan Malam, wannan Abba. Kamaruddeen kansa ban tsammanin ya taɓa jin an kira yaron da shi.

Malam yana zaure. Asiya tana ɗaki da takalmin yaron. Ni kuma tsoro nake ji, Ramlat. Malamarmu ta kashe tata na'urar, amma ta ce akwai irinta a wasu ƙauyukan har wajen Shanono, ita ba ta san duk inda Kamaruddeen ya sa ba. Wane gida ne a ƙasar nan babu jikan da ya ci sunan kakansa? Kuma da damina kullum iyaye mata na kan layi da yara.

Basiru yana Legas, bai sani ba tukuna. Na hana a kira shi, don in ya ji zai tambayi yadda aka yi, kuma da ɗanki zai fara. Ki ce wa Kamaruddeen ni ban riƙe shi ba. Shi ya saya wa Abba takalmin nan.

Ki gai da mutanen gida, Allah ya ba mu haƙuri.

Kar ki fara da Basiru, ko da yake shi ne uba. Kamaruddeen za ki fara gaya wa. Ki zaunar da shi, ki gaya masa duka, kar ki rage komai. In zai yi kuka, ya yi bayan ya kira asibitocin nan.

Mahaifiyarki,
Inna Aina'u