Irin Masarar da Ka Bar Mini

Baba,

Assalamu alaikum. Wa ka bar mini in tambaya? Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba. Ko kana raye ma ni zan karanta maka ita, kana gyangyaɗi.

Gida lafiya. Inna ta fara cin abinci sosai. Hadiza ta haihu, namiji, an mayar da sunanka.

Masara ce ba lafiya. Ruwan farko na sauka na shuka gonar bakin rafi kaf. Kwana goma sha biyu ko ɗigo. Ta tsiro, ta ƙone.

Kai ba ka taɓa shuka a ruwan farko ba. Kakan tsuguna ka tona ƙasa da hannu, ka dunƙula, ka saki, ka ce a mayar da iri ɗaka. Ka tuna ranar kasuwar Bakori da na ce maka, gaban mutane, wannan canfi ne, ni na karanta a takarda? Har rake ka saya mini a hanya. Da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Ka yafe mini, Baba.

Ranar addu'ar bakwai wani malamin gona ya zo daga Funtuwa. Ya ce a Turanci irinku ake kira tsohon hannu, kuma ba don furfura ake faɗa wa mutum haka ba, sai don ya daɗe a kan aiki har hannunsa ya san abin da baki ba ya iya faɗa. Kowa ya gyaɗa kai. Ni raina ne ya ɓaci. Shekara nawa yana wuce gonarmu a kan babur, ya taɓa tsayawa ya tambaye ka me kake ji a ƙasar nan? Har na buɗe baki, sai na tuna ni da muke gida ɗaya ban tambaya ba.

Tiya shida ta rage cikin irin da ka zaɓa da kanka. In ita ma ta ƙone, irinka ya ƙare. Jiya an yi ruwa. Na tona, na dunƙula, ban ji komai ba sai ƙasa. Laimar zurfin yatsa ake nema, ko kamu guda?

Gobe bayan Juma'a zan tare abokinka Baba Iro da sauran dattawa a ƙofar masallaci. Su yi mini dariya in sun so, amma su amsa a gaban kowa, don ba ni kaɗai ne ban sani ba. Sai sun amsa zan shuka.

Allah Ya haskaka makwancinka.

Ɗanka mai saurin baki,
Sanusi