Sunaye Sittin, Hannu Ɗaya

Bromakote, Ajame
4 ga Maris

Baban Afra'u,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin Inna, ya mutanen Maraɗi? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Na ba direban albasa wannan takarda don akwai maganar da ba ta waya ba ce. Tsohuwar masana'antar katako ta unguwar Tereshbil, inda muke tsince albasa shekara goma sha tara, an ba wani kamfani izinin rushe ta ya gina ma'ajiyar kwantena. Mu mata mun ɗauki lauya, mun kai ƙara kotu. Lauyar ta ce ofishin magajin gari ya dogara ne da wata takarda da kamfanin ya kai, wai mun yi taro mun amince. Yaushe? Ni dai taro ɗaya na sani, walimar da aka yi bara a rumfarmu ta cikin masana'antar, ita ma shinkafa muka ci muka watse.

Malam Sharhabilu, shugaban 'yan albasa, nake zargi. Kwana biyu gaisuwarsa ta yi tsawo, kuma ba ya kallon idona.

Taka,
Ruƙayya

19 ga Maris

Baban Afra'u,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna, Allah ya ƙara sauƙi. Amsarka ta iso, layi huɗu. Ka ce in cire hannuna, kotu ba wurin mace ba ne. Kai da ko kuɗin tasin woro-woro aka ƙara sai ka yi mako kana faɗa, yau za a kore mu ka ce in yi haƙuri? Abin ya tsaya mini a rai.

Na ɗauki alhakin Malam Sharhabilu. Ashe kunya ce ke damunsa, sunansa ne na farko a takardar, shi kuwa ko baƙi ɗaya na boko bai iya ba. Ya ce ranar walima wani ya zaga yana rubuta sunayen dattawa, wai don rabon nama. Bai faɗi ko wane ne ba, ya dai tambaye ni yaushe za ka dawo.

Taka,
Ruƙayya

2 ga Afrilu

Baban Afra'u,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, don ina son ka karanta wannan a natse.

Jiya lauya ta nuna mana takardar, Afra'u ta fassara mini Faransancin da ke samanta. Sunaye sittin, hannu ɗaya. Na arba'in da uku Abdulmutallib ne, mahaifina, wanda kai ka sa shi a kabari wata biyar kafin walimar. Lauya ta ce idan aka gano marubucin sunayen, izinin ya faɗi, rumfa ta tsira, shi kuma sai ya amsa tambaya gaban alƙali. Ta tambaya ko akwai wadda ta san rubutun. Afra'u ta kalle ni.

Shekara ashirin ina ajiye wasiƙunka a ƙasan akwati, na san hannunka. Ina son ka, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Ranar Alhamis ta sama kotu za ta zauna. Motar albasa tana isowa Laraba. In ka sauko daga cikinta, kai za ka yi bayani da bakinka. In ba ka sauko ba, akwatin zan ɗauka zuwa kotu.

Matarka,
Ruƙayya 'yar Abdulmutallib