Ƙararrawar Ɗakin Girki

Al Karama, Dubai
10 ga Yuni, 2011

Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da mutanen gida, da 'yata Shamsiya. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sai zafin da Larabawan ma gudunsa suke yi.

Na ga saƙonki cewa Shamsiya ta daina tambayar yaushe zan dawo. Yarinya ce, za ta ware. Kwantiragina zai ƙare a Satumba, kuma uwar ɗakina Madam Lubna ta manna takardar ƙarin shekara biyu a jikin firij. Ina jin zan sa hannu. Na yi shida ban mutu ba, balle biyu. Jibi za mu tafi Ingila hutu, can ma ni ce a bakin murhu.

Ƙanwarki,
Hamamatu

Al Karama, Dubai
29 ga Yuli, 2011

Yaya Asama'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan azumi zai same ku lafiya. Mun dawo shekaranjiya.

Kin tuna ranar haihuwar da mai cika mana takardar fasfo a Kumasi ya ƙirƙiro min? Inna dai iyakar abin da ta sani shi ne Laraba ce, ana ruwa. To, ranar ta same mu a Ingila, Madam ta gani a fasfo, ta ce ranar ba zan taɓa tukunya ba. Wai ni Hamamatu, a shekara talatin da takwas, aka kai yawon buɗe ido!

Wani tsohon gidan masu sarauta muka je a ƙauye, ya fi shekara ɗari uku. Ciyawa shar, tumaki ƙato-ƙato, ɗakuna har na gaji da shiga. Hotunan masu gidan sun cika bango, kowa ya ɗaure fuska. Ni ban ji daɗi ba sai da aka sauka da mu ƙasa, ɗakin girki. Tukwanen tagullarsu, Yaya, sun sha wanki.

A bangon akwai ƙararrawa jere, kowacce da sunan ɗakin da ake kiran ma'aikata daga ciki. Kusa da su hoton wata mai girki, an rubuta ta yi shekara arba'in da ɗaya a nan. Na tambayi mai zagayawa da mu ko tana da 'ya'ya. Ya ce ba wanda ya rubuta wannan.

Na zauna kan benci ina cin kek ɗin da Madam ta saya min, sai mai zagayawa da mu ya ja waya don ya nuna wa baƙi, ƙararrawa ta buga. Wallahi ban san lokacin da na ajiye kek na miƙe ba, ina goge hannu a zanena. Turawa suka yi dariya, ni ma na taya su. Madam ba ta yi ba, ta kau da kai.

Madam mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa zagina ba. Amma tsoro ya kama ni, Yaya. Ƙarfe ya kira na tashi, 'yata ta yi shekara shida tana kira ina zaune.

Da muka dawo Dubai na cire takardar daga firij na mayar mata, ba sa hannu. Ta yi ƙwalla, ta ce khalas, wato shi ke nan, Allah Ya kiyaye hanya.

Zan sauka Accra ranar ashirin ga Satumba, in sha Allahu. Ki gaya wa Shamsiya ranar. Ko ba ta tambaya ba, ki gaya mata.

Ki gaida Baba da kyau.

Taki har kullum,
Hamamatu