Suwaitar da Na Saƙa wa 'Yarki

Tina Junction,
Jos.

Zuwa ga Yayata Mariya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Zainu da duk mutanen gidanku na Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya, ciwon ƙafar nan da yake damunki Ya sa kaffara ne. Mu nan alhamdu lillahi. Inna ta samu sauƙin tarin, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta. Baban Ibrahim yana nan yana fama da lodi a tashar Laranto. Ibrahim kuwa an sa shi makaranta, kusan kullum da takalmi ƙafa ɗaya yake dawowa. Damina ta kankama, shekaranjiya har ƙanƙara aka yi, sanyi ya hana kowa sakat.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau da yawa nakan kira ki da niyyar faɗin maganar nan, amma da na ji muryarki sai bakina ya yi nauyi, mu ƙare a kan tsadar tumatir. Ni kaina ban gama gane abin da ya same ni ba, shi ya sa zan zayyana miki shi yadda ya faru, ko ke za ki gane.

Kin san maƙwabciyata Loyis, Maman Dina, wadda muka haihu mako ɗaya da ita lokacin haihuwata ta fari. Ita ta koya mini saƙa, a zumuntar matan cocinsu ta koyo. Da sanyi ya matsa, sai na ce ta raka ni kasuwar Bukuru in sayi ulu in saƙa wa Ibrahim suwaita mai hula, irin mai maɓallai a gaba. Wallahi Yaya, shuɗi na je saye. Sai da muka shiga motar dawowa Loyis ta leƙa ledata, ta tambaye ni tun yaushe aka fara sa wa namiji ruwan hoda. Na duba, ga ulu ruwan hoda fal a cinyata. Sai na ji bakina ya ce ai ta mace ce. Ba ta sake tambaya ba, don ta san macen da nake nufi: 'yarki, wadda na haifa, Inna ta ɗauka ta ba ki ranar yaye, yau shekara bakwai ke nan.

Daga nan rikici ya fara, domin ban san girmanta ba. Tunda sa'ar Dina ce, sai na riƙa kiran Dina ina gwada mata. In auna kafaɗa, in auna hannu, yarinya tana tsaye ƙyam tana washe baki. Ashe ita a zatonta tata ce, har ta gama shelanta wa unguwa cewa Anti Rahma tana yi mata rigar Kirsimeti. Jikin rigar bai ba ni wuya ba, hular ce ta kusa zautar da ni. Ta farko ta fito da tsini kamar an kifa mazurari. Na warware. Ta biyu ta yi faɗi, kai biyu ma sa shiga. Loyis ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce ba a yin hular yarinya sai an san kanta: gashi gare ta mai yawa, kitso ake mata ko a ɗaure yake? Na ɗauko hoton Sallah da kika turo mini a waya, na ja shi na ƙara ja, ga ta nan cikin ɗankwali kusa da motar Yaya Zainu. Hoto ba ya aunuwa, Yaya. Ni da na haife ta, ban san yadda kanta yake ba.

Baban Ibrahim ya sa ni gaba da tsiya. Wai ya samo mini direban motar dankali da zai kai saƙon, amma yana so ya ji laifin da yarinya ta yi da za a dafa ta cikin ulu a zafin Fatakwal, garin da ko singileti nauyi yake wa mutum. Na ce masa ai ana ruwa a can. Ya ce ruwan ma da ɗuminsa yake sauka. Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa kawo haka a raina ba. Mu mutanen Jos in muna son yaro, suwaita muke fara sa masa. Loyis ce ta ƙarasa ni. Ta ɗaga rigar ta jinjina nauyinta, ta ce wannan ba ta tafiya ba ce, ta sanyin Jos ce, duk wadda aka saƙa wa ita nan ake so ta zo ta sa. Na ce mata ta daina wannan magana. Tun ranar kuwa maganar ba ta bar kaina ba.

Ranar da na ɗinka maɓallin ƙarshe, na ba Dina ta sa ta je ta nuna wa uwarta. Ina tsakar gida muna tsince shinkafa da Inna, yayyafi na sauka, sai ga yarinya ta shigo da gudu, hula a ka, ba a ganin fuskarta. Sai na ga kamar 'yarki ce. Kafin in ankara na miƙe, faranti ya kife, na kira suna da ƙarfi. Ba sunan Dina ba. Sunan nan na 'yar fari da kunya ta hana ni faɗa tun ranar da aka raɗa shi, shi na kira, a gaban Inna. Dina ta ture hula tana kallona. Na so ƙasa ta tsage in shige. Na jira faɗa, amma sai Inna ta sunkuya tana kwashe shinkafa. Can ta ce in rubuta miki.

Rigar dai na bar wa Dina, don a jikinta aka auna, ita ta yi wa daidai. Na koma Bukuru na sayo wani ulun, yana nan a ajiye ban taɓa ba.

Yaya, don Allah kada ki juya maganata. Ban ce ki dawo mini da ita ba. Ke kika yi goyo, ke kika yi jinyar ƙyanda, ke take kira Mama, kuma duk duniya ba wanda zan so ya riƙe ta sama da ke. Tsorona kada ki karanta wannan ki ga kamar ina ƙwace abin da aka ba ki, zumuncinmu ya samu tabo. In hakan zai faru, ki yaga takardar, mu ci gaba da hirar tumatir. Da farko na yi niyyar in ce ki auna ta da zare ki aiko, kafaɗa da hannu da zagayen kai. To, na gane ba zaren nake so ba. In an yi hutun ƙarshen shekara, lokacin da sanyinmu ya fi tsanani, ku zo tare, ko na 'yan kwanaki ne, in auna ta da hannuna. In ta tafi ta bar rigar a nan, ta riƙa zuwa tana sawa.

Inna tana gaishe ki, Baban Ibrahim yana gai da Yaya Zainu, Loyis ma ta ce lallai in sa gaisuwarta. Ki gai da Hajiya ta Yaya Zainu da Anti Chisom mai shagon ƙofar gidanku. Sannan ki gaishe mini da 'yarki, Salma. Ki ce mata Rahma ta Jos ce take gaishe ta, sauran bayanin na bar miki.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Rahma.